Rahoton kwamitin gyaran ɗakin tsofaffi da yara na bakin gota, Nima, Ankara (Accra), Ghana

Assalamu alaikum jama'a, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, na nan gida da waɗanda ke waje. Kwamitin da kuka ɗora wa gyaran tsohon ɗakin makarantar nan na bakin babbar gota ne ke magana. Aiki dai ya ƙare alhamdulillah, an kwashe ɓaraguzai, an share, an miƙa makulli. Ranar da aka zaɓe mu mun ce in an gama za mu faɗi yadda aka yi duka har da inda muka yi ɓarna, to ga shi.

Wanda ya daɗe bai zo gida ba bari mu tuna masa yadda ɗakin yake a da. Kwanon rufi tsatsa ta cinye shi, kun san iskar teku ta Ankara ba ta barin ƙarfe, kuma daɓen ciki ya fi lungu zurfi don shekara da shekaru kowa na cike ƙofar gidansa, ɗakin ya koma kamar rijiya. Tun daren 3 ga Yuni 2015, daren da ambaliyar ruwa da gobara suka haɗu a Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, akwai layin laka a jikin bangon ɗakin nan da ba wanda ya goge. Malam ya kwashe yaransa ya koma zauren gida, wurin ya zama ma'ajiyar kujerun awure da suna. A lokacin kuma nas-nas masu awon jarirai a ƙarƙashin kanofi suke zama a rana, tsofaffinmu mata kuwa in suna neman wanda zai duba musu katin asibiti sai dai su bi bes-bes suna roƙon samari masu shan ataya. Abin da ya sa aka ce a gyara kenan.

Kuɗi ta hanya uku suka shigo, tarin ranar Juma'a, adashin mata, da MoMo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, daga 'yan uwa na Jamus da Italiya da Amurka. Ba za mu kira sunan kowa ba don da yawa sun roƙe mu kar a faɗa. Amma a sani adashin mata ne bai taɓa yankewa ba ko sau ɗaya, masu waake da masu koko da ƙosai, har lokacin da mu maza muka yi sanyi.

Kiyasin farko a 2022 muka yi shi, kuma kowa ya san faɗuwar da kuɗinmu sidi ya yi a shekarar, a watan Disamba tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100, farashin da mai siminti ya faɗa maka da safe in ka koma bayan la'asar sai ya ce wancan na ɗazu ne. Sai muka ce bari mu yi wayo mu sayi siminti da yawa mu ajiye kafin ya ƙara tashi. Nan ne kuskurenmu na farko. A cikin ɗakin muka jibge shi a ƙasa ba katako a ƙarƙashi, damina ta shigo, buhunan da ke ƙasa suka sha danshi suka zama dutse. Ma'aji ya rubuta su a lissafi a matsayin asara, laifin kwamiti ne ba na meson ba. Ga kuma lungu, mota ba ta shiga, tifa a bakin titi take zubewa, aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kawo bakin lungu, daga nan sai a kai. Samarin unguwa ne suka yi wannan ɗaukar ranakun Asabar da Lahadi ba su karɓi ko pesewa ba, sai waake da ruwan leda, Allah ya yi musu albarka.

Rufi, ɗaga daɓe, tagogi, waya da fanka duk sun tafi daidai, ba wani labari a ciki.

Inda labari yake shi ne gangarar ƙofa. Da muka ɗaga daɓen ƙafa biyu don ruwa ya daina shiga, sai muka gyara matsala ɗaya muka haifi wata, don yanzu sai an hau matakala kafin a shiga, alhali waɗanda aka yi ɗakin dominsu rabi da sanda suke tafiya. A kwamiti an yi ta ja, wasu na cewa kuɗin da ya rage a sa tayil mai sheƙi da fenti da allo mai sunayen masu taimako don in 'yan waje suka ga hoto su san kuɗinsu ya yi aiki, kuma wallahi ba su yi ƙarya ba don hoto ke kawo kuɗi. Magajiyar mata ce ta kashe maganar, ta ce to in an gama ɗaukar hoton wa zai riƙa goya mana tsofaffin. Wani malamin makaranta a cikinmu ya ƙara da cewa ai dokar masu buƙata ta musamman ta 2006 ma shekara goma ta ba gine-ginen jama'a su yi hanyar keken guragu, mu da muke gini sabo ba mu da uzuri.

Aka ce meson ya yi gangara, ya yi wata gajera mai tsayi kamar ta shigar da babur cikin shago, mu ma da muka gani muka ce ta yi. Allah ya sa kafin a biya shi aka ce a gwada. Aka ɗauko wata Hajiya da ke bayan masallaci wadda ta shekara ba ta taka ba, jikanta na tura keken, yaro ne ƙaƙƙarfa mai buga ƙwallo, ya kai rabi ƙafafun gaba suka ɗaga sama keken ya fara komowa kansa, Hajiya ta riƙe hannun kujera gam tana salati, ta ce ku sauke ni 'ya'yan nan, ni ban yi sallama da gida ba. An yi dariya amma jikin kowa ya yi sanyi. A nan muka koyi ƙa'idar, duk tsayin inci ɗaya yana son tsawon inci 12, wato tsayin ƙafa biyu sai gangara mai ƙafa 24, mu kuwa gaban ƙofar duka bai kai rabin haka ba. Dole aka fasa waccan, aka jawo sabuwa ta bi jikin bango ta lanƙwasa, da fili shimfiɗaɗɗe a tsakiya inda mai turawa zai huta, aka ja tsintsiya a kan simintin tun yana ɗanye don ya yi kaushi, welda ya sa ƙarfen riƙewa gefe biyu. Meson ɗin ya ce ba zai sake ba sai an ƙara masa kuɗin aiki cikakke, muka rabu da shi lafiya muka kawo wani. Kuɗin tayil da allon suna a nan suka tafi, kuma mun san har yau akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba, muna ba da haƙuri.

Bayan gwajin nan sai muka daina yanke komai ba tare da mun kira tsofaffin sun gani ba. Su suka ce bayi a sa na zama don gwiwa ba ta tsugunno, da ƙarfe a bango, kuma ƙofar ta riƙa buɗewa waje saboda in mutum ya faɗi a ciki kar jikinsa ya tokare ta. Wani Baba ya ce a yi dakali a wurin alwala a sauko da famfo ƙasa. Benci ma na farko da kafinta ya kawo gajere ne, in tsohuwa ta zauna sai an kama ta kafin ta tashi, aka mayar ya ƙara ƙafa ya sa majingina. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin takardar kiyasinmu.

Yadda za a yi amfani da wurin, da safe na tsofaffi ne da masu jego, ranar awo nas-nas za su zauna ciki da sikelinsu, bayan la'asar yara su yi aikin gida da karatun allo. Akwai tebur ɗaya a kusurwa na duba katin NHIS, wato katin inshorar lafiya na gwamnati. Don Allah a gaya wa iyaye, mai shekara 70 zuwa sama da yaro ƙasa da 18 ba sa biyan kuɗin shekara irin na sauran manya, amma katin yana mutuwa in ba a sabunta ba, kuma ana yi ta waya da *929#, sau nawa ake kai tsohuwa asibiti cikin dare sai a can a gane kati ya mutu. Maganar LEAP kuma tunda ana ta tambaya, shirin gwamnati ne tun 2008 na tallafa wa gidaje marasa ƙarfi masu tsofaffi daga shekara 65 ko marayu ko naƙasassu, kwamiti ba ya sa sunan kowa kuma ba ya cirewa, iyakarmu mu raka mutum ofishin walwalar jama'a ya yi tambaya. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi da sunanmu zai sa ku a ciki ku kawo mana shi.

Lissafi duka yana manne a bangon ciki kusa da taga, shiga da fita, rasit kuma suna hannun ma'aji a cikin fayil, duk mai so ya zo bayan sallar Juma'a a buɗe masa, na waje kuma a tura masa hoto ta WhatsApp. Ɗan canjin da ya rage an zuba shi a mitar wuta. Bulo kaɗan da rabin tifar yashi suna nan bayan ɗaki, mun bar su don mazaunin tankin ruwa in Allah ya hore, yara a daina wasa a kai. Makulli uku ne, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin magajiya, ɗaya wurin malamin yara. Masu kujerun awure kuma a zo a kwashe kafin Asabar, ba za su koma ciki ba.

Wassalam, daga sakataren kwamiti a madadin sauran.