Raba jifar nan gida biyu

Aboki,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya mutanen gida? Saƙonka ya iso ni, kuma wallahi hankalina ya tashi da na ji ka ce lissafin jifa a fiziks na neman sa ka ajiye kwas ɗin gaba ɗaya. Don Allah kar ka yi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Duk abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci guda, yana yin gaba kuma yana yin sama ko ƙasa, kuma babu ruwan wannan da waccan. Gudun gaba ba ya canzawa tunda a matakin nan ba a lissafa iska, ita kuwa tafiyar sama da ƙasa ita ce ƙasa ke ja, kowane sakan gudun faɗuwa na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan, malamai kan mayar da shi 10 don sauƙi. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya bayyana wannan rabuwar tafiya biyu tun 1638.

In ba ka yarda ba, sami kwabbai biyu, ka ture ɗaya daga bakin tebur da ƙarfi ka saki ɗayan daga wannan tsayin a daidai lokacin, ka kasa kunne, tare za ka ji sun bugi ƙasa. Ni ranar da na ji ƙarar nan kaina ya buɗe.

To ga misali, an jefa dutse a kwance daga tsayin mita 20 da gudun mita 15 a sakan. Manta da 15 ɗin nan tukuna, nemi lokacin faɗuwa, wato t, da ƙa'idar tsayi = ½ × 10 × t²: 20 = ½ × 10 × t², kenan t sakan 2 ne. Sai yanzu ka dawo gaba, 15 sau 2, mita 30. Lokacin nan shi ne igiyar da ta ɗaure tafiyoyin biyu, shi za ka fara nema kusan kullum.

In da kusurwa aka yi jifar, wato kusurwar da aka auna daga kwance, gudun jifar sau cos ɗin kusurwar shi ne gudun gaba, sau sin ɗinta kuma gudun sama. A ƙololuwa gudun sama kaɗai ke zama sifili, na gaba yana nan, a nan mutane da yawa ke zamewa. Kuma duba kalkuletarka tana kan digiri, na taɓa rasa maki a gwaji saboda tawa tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban.

Turo min tambayar da ta fi ba ka wuya, amma ka fara zana hoton da hannunka in gani.

Ka gaishe min da su Umma.

Naka.