Yaya zan gaya wa babba cewa ciwon lissafinsa tun daga rabi da sulusi yake?

Assalamu alaikum Malam, ranka ya daɗe. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan wannan fili.

Ni malamin lissafi ne, kuma yawancin ɗalibaina manya ne da suka koma makarantar gaba da sakandare bayan shekara 15 ko 20 da barin aji, wasu ma fiye da haka. Wani aikin jinya ya zo karanta, wani harkar kasuwanci, wata koyarwa, amma tsarin makaranta ya ɗora wa kowannensu kwas ɗaya ko biyu na lissafi na dole, galibi aljabra ta farko ko ƙididdiga. Ba a ba da takardar shaida sai an ci su, kuma sau da yawa su ne mabuɗin wasu kwasa-kwasan gaba, in an faɗi su sauran karatun ya tsaya cik.

Ɓangaren lissafin na san maganinsa. Abin da ya gagare ni shi ne yadda zan faɗa wa mai ciwon, shi ya sa na rubuto. Amma sai na fara shimfiɗa maka ciwon kansa, don ka ga nauyin maganar da nake tsoron furtawa.

Babba in ya faɗi gwajin farko, abin da yake cewa shi ne, "Malam, tunda haruffa suka shigo lissafi na ɓace." Yana ɗora laifin a kan x da y. In ka ɗauki takardarsa ka bi layi-layi, da wuya ka tarar harafin ne ya kayar da shi. Ga misali. An ce x/2 + x/3 = 10, a nemo x. Sai ya tara lambobin sama ya sami 2x, ya tara na ƙasa ya sami 5, ya rubuta 2x/5 = 10, ya fito da 25. Duk matakan aljabrar da ya bi daga nan daidai ne. Kuskuren ya auku tun a layin farko, kuma kuskuren firamare ne: a wurinsa rabi da sulusi in an haɗa su humusi biyu ne. Alhali humusi biyu bai ma kai rabi ba, to ta yaya za ka ƙara wa rabi wani abu ya koma ƙasa da rabi? Sai an mayar da su duka sudusi, rabi ya zama sudusi uku, sulusi ya zama sudusi biyu, jimla sudusi biyar. Amsar x kuwa 12 ce, kuma da ya saba mayar da amsa cikin tambaya ya gwada, da ya ga 6 da 4 sun ba shi 10, 25 kuwa rabinta kaɗai ya wuce goman.

Na biyu alamar ɗebewa ce, musamman in ta tsaya a gaban baka. 3 − (x − 2) yakan zama 3 − x − 2 a hannunsa, wato 1 − x, bayan kuwa 5 − x ne, don ɗebewar tana hawa kan duk abin da ke cikin bakan. Abin mamaki, wannan mutumin da bakinsa zai gaya maka cewa wanda aka yafe wa bashi ya ƙaru. Ya san ma'anar a rayuwa, a takarda ne bai gane ta ba. Daga nan sai tsarin abin da ake fara yi: 2 + 3 × 4 yana ba shi 20, domin yana karanta lissafi kamar jimlar magana, daga hagu zuwa dama, alhali ninkawa ake fara yi a sami 14. Sai kuma (a + b) in an ninka shi da kansa, ya rubuta a² + b². Sa 3 da 4 a gurbinsu, ɗaya ya ba ka 49, ɗaya 25. Bambancin, wato 24, shi ne 2ab ɗin da ya zubar a hanya.

Kaso cikin ɗari ma haka. Ka tambaye shi abu ya hau da kashi 20 cikin ɗari, sannan ya sauka da kashi 20, ina ya tsaya? Ya ce ya koma inda yake. Daga 100 an je 120, kashi 20 na 120 kuwa 24 ne, sai a sauko 96. Mai wannan kuskuren in ya shiga ƙididdiga, inda kusan kowane babi kaso ne da rabo, wahala yake sha tun daga makon farko.

Kalkuleta ba ta cetonsa, wani lokacin ma ita ke ƙara tura shi. In ya danna −3² za ta ba shi −9, shi kuwa 9 yake nufi, don bai sa baka ba. In an bar ta tana auna kusurwa da ma'aunin radiyan ba digiri ba, sin 30, wato wani lissafin kusurwa, ya fito −0.988 maimakon 0.5, ya kwafa ba tare da ko ɗar ba, saboda ba shi da ƙiyasin da zai ce masa wannan amsa ba ta yi kama da gaskiya ba.

Dalilin da ya sa abin ya fi cin manya a fili yake. Lissafi gini ne, babin yau a kan na jiya yake zaune. Wanda ya rasa mako biyu a darasin tarihi zai iya kama zaren a mako na uku. A aljabra mako na uku da kayan mako biyun farko ake yin sa, su kuma da kayan da aka bari shekara 20 baya. Malamin aji yana da mako 14 ko 15 ya gama manhaja, kuma yana tsallake ƙananan matakai a allo don yana ɗauka kowa ya san su. A waɗannan matakan da aka tsallake ne babba ke ɓacewa, ga shi ba zai ɗaga hannu a gaban sa'o'in 'ya'yansa ya ce bai ga inda 6 ta fito ba. Sannan ga tsoro. Lissafi yana bukatar mutum ya riƙe abu uku ko huɗu a ka lokaci guda, fargaba kuwa wannan gurbin take cinyewa, shi ya sa zai yi tambaya daidai a gida, ya ga irinta a ɗakin jarrabawa kansa ya ɗauke wuta.

Kuma yadda suke karatun ma yana cutar da su. Babba ya saba da karatun karantawa: ya bi misalin da aka warware a littafi, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane. Ganewar kallo ce, ba ta shiga hannu ba. Rufe littafin ka ba shi farar takarda, sai ya tsaya a mataki na biyu. Sannan saboda aiki da iyali yakan tara komai zuwa ranar hutu ya zauna awa biyar a jere, bayan tun 1885 Hermann Ebbinghaus, Bajamushe masanin halayyar ɗan adam, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka cunkusa zama.

Gyaran da nake bi ba shi da wuyar faɗa. Tambaya 12 cikin minti 20, ba kalkuleta: huɗu kan rabi da sulusi da danginsu, huɗu kan alamar ɗebewa, biyu kan kaso cikin ɗari, biyu kan tsarin abin da ake fara yi. Wannan ya isa ya nuna inda ramin yake. Daga nan minti 40 kullum, kwana shida a mako, minti 15 na farko a kan tushen, sauran a kan darasin aji. Kowace tambaya da hannu, kowane mataki a layinsa, ba haɗa biyu. Kowace amsa a mayar da ita cikin tambaya a gwada. Littafi guda na kurakurai kaɗai, inda zai rubuta abin da ya yi, da abin da ya kamata, da sunan kuskuren a kalmominsa, kamar "na manta ɗebewa ta shafi na biyu". Bayan mako biyu yakan ga cewa kurakurai uku ko huɗu ne ke ta dawowa da kaya daban-daban. Kuma nakan sa su faɗi lissafin da baki kafin su rubuta. Ai Alkhawarizmi, wanda daga littafinsa kalmar aljabra ta fito, ya rubuta ta ne a Bagadaza a ƙarni na tara da zallar kalmomi, babu x babu y. A ƙiyasina, mai ƙaramin rami mako huɗu zuwa shida sun ishe shi ya cike yana cikin kwas ɗin.

To ga inda na maƙale, ranka ya daɗe. Wanda ya faɗi takwas ko tara cikin tambayoyi 12 ɗin nan, a ganina ba zai iya cike ramin yana kuma bin aji ba. Kwas mai awa uku a mako yana son kamar awa shida a wajen aji ko ga wanda tushensa ke da ƙwari, mai aiki da iyali kuwa da ƙyar yake samun huɗu. Abin da ya fi masa shi ne ya janye daga kwas ɗin kafin wa'adin janyewa ya wuce, a makarantun da ke ba da wannan dama, ya yi zango guda a kan tushe, ya dawo. In ya ƙi, faɗuwar za ta shiga sakamakonsa, ta ja matsakaicin makinsa ƙasa, kuma ya maimaita kwas ɗin da ramin nan dai a ƙarƙashinsa. Amma wannan maganar mutum mai shekara 45 zan gaya wa, wanda ya girme ni, wanda ke shugabantar mutane a wurin aiki, wanda ya riga ya shaida wa iyalinsa shekarar da zai gama. Zan ce masa ya koma kan abin da ɗansa na firamare ke yi. Mutane na cewa gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemun da aka miƙa wa littafin yara ba haka yake ji ba. Sau da yawa zai yi godiya, ya ce zai duba, daga ranar ba ka ƙara ganinsa ba. Wasu kwas ɗin kaɗai suke bari, wasu makarantar baki ɗaya.

In kuma na sassauta na ce, "Ka ƙara ƙoƙari, za ka ci," na san na rufe shi ne. Zai ƙara awoyi a kan aljabra, inda ba nan ciwon yake ba, ya faɗi, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ƙwaƙwalwarsa ta tsufa. Wannan hukuncin ya fi faɗuwar illa, kuma ƙarya ne, don mutumin da ke tsara kasafin gida da na ofis yana da kan lissafi.

Don haka nake neman shawararka a kan abu uku. Da wane irin lafazi ake gaya wa babba gaskiya irin wannan har ya karɓa bai ji an ci masa fuska ba? Shin in nuna masa takardar gwajin ya gano da kansa, ko hakan ya fi ciwo? Sannan shawarar janyewa, hurumina ne in ba da ita kai tsaye, ko in jera masa abin da kowace hanya za ta jawo in yi shiru, ko da na ga zai zaɓi wadda za ta kayar da shi? Ga na ukun, wanda ya fi damuna. Wasu, musamman iyaye mata, sukan roƙe ni kada kowa a gida ya san suna shan wuya, alhali minti 40 ɗin nan na kullum ba za su samu ba sai wani a gidan ya ɗauke musu wani aiki. In matsa musu su faɗa, ko in riƙe amanar in bar su da ɗan lokacin da suke sata bayan kowa ya kwanta?

Wa'adin janyewa na wannan zangon ya kusa, kuma akwai waɗanda dole in zauna da su kafin ya cika. In da hali, a taimaka a amsa mini a fitowa ta gaba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani malamin lissafi