Gaisuwar Sallah daga gindin Ƙal'ar Salahuddin

Assalamu alaikum Baba,

Barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina fata Inna da yara duk suna lafiya. Nan Alƙahira an sauko Idi lafiya, gari ya cika da ƙamshin kahak, wani cincin mai sukari da Misirawa ke yi da ƙaramar Sallah.

Kun ce hoton ginin kan dutsen nan, wato Ƙal'ar Salahuddin, tsohon sansanin tsaron Alƙahira, bai ishe ku ba, ku da kuka ƙare rayuwarku a aikin gini sai an faɗa muku yadda aka yi shi. To ga shi.

Salahuddin al-Ayyubi ya sa aka fara shi a 1176, ya damƙa aikin a hannun Baha'uddin Ƙaraƙush. Wurin wani hanci ne na dutsen Muƙaɗɗam da ya miƙo kan birni. Sai suka sare dutsen suka yi gwalalo mai zurfi tsakaninsa da uwar dutsen, sara ɗaya ya ba su kariya ya kuma ba su duwatsun gini. Wasu duwatsun daga ƙananan dalar Giza aka kwaso su, fursunonin yaƙi na Turawa kuma suka yi dakon. Ƙofar Mudarraj, wadda rubutun kanta ke ɗauke da shekarar 579 ta Hijira, ba a shiga ta kai tsaye. Sai mutum ya hau matakala ya yi kwana, don kada mahara su sami filin zaburowa da gungumen fasa ƙofa. Salahuddin ya rasu a 1193 bai zauna ciki ba. Ɗan ƙaninsa, al-Kamil, shi ya tare wajen 1207, ya ga hasumiyoyin Ramla da Haddad sun yi ƙanana, ya lulluɓe su da sabon gini mai kauri.

Amma Baba, a wurina gwanintar tana ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya hau tsauni ya tsere wa maƙiyi, bai tsere wa ƙishirwa ba, shi ya sa suka haƙa Rijiyar Yusufu, zurfinta kusan mita 90 cikin dutse zalla. Igiya ɗaya ba za ta ɗauki nauyin tuluna a wannan tsawo ba, sai suka raba ta hawa biyu. Ramin sama ya fi faɗi, an sassaƙa hanya tana kewaya shi kamar katantanwa, da tagogi a siririn bangon da ke tsakani don haske ya shiga. Ta nan ake gangarawa da shanu zuwa wani ɗaki a tsakiya, su juya ƙafar katako mai jan jerin tuluna daga ramin ƙasa, ruwa ya zuba a tafki. Wasu shanun a sama su ja shi daga tafkin zuwa bakin rijiya. Da jama'a suka yi yawa rijiyar ta kasa, ga ruwan da ɗan zartsi, sai Sarki al-Nasir Muhammad ya jawo ruwan Nilu ta kwata a kan dogayen bakuna. Shi ne sarkin da Mansa Musa na Mali ya hau ƙal'ar ya gana da shi a 1324, kan hanyarsa ta Makka.

Inda wurin ya gaza shi ne maƙwabta. Masallacin Sarki Hasan da aka gina a gindinsa ya yi tsawo da kauri har 'yan tawaye suka riƙa hawa rufinsa suna harbin ƙal'ar, sai da Sarki Barƙuƙ ya sa aka rushe matakalarsa. Muƙaɗɗam kuma ya fi ta tsawo, abin da bai dami kowa ba a zamanin kibiya. Da igwa ta zo, dole Muhammad Ali, mai mulkin Masar a lokacin, ya gina wani sansani a can sama. Masallacinsa mai ƙubbobi da kuke gani a hoton baƙo ne a ƙal'ar, a 1830 aka fara shi, kuma ƙubbobin sun tsage don ginshiƙai ba su iya nauyinsu ba, aka sauke su aka sake bayan shekara ɗari.

Na aika da goron Sallah ta hannun Yaya, a ba yara nasu. A gaida Inna da Gwaggo da Kawu, a sa ni cikin addu'a.

Ɗanku,
daga Alƙahira