Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Jami'a: A Koya Wa 'Yan Aji Ɗaya Yadda Ake Karatu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne saboda maganar ta shafi ɗalibai da iyayensu da mu malamai baki ɗaya. Roƙona shi ne ku sa a kafa kwas na dabarun karatu ga duk wanda ya shigo aji ɗaya, a zangon farko, mai ɗauke da maki kamar sauran kwasa-kwasai.

Yaron da ya fito daga sakandare ya saba malami ya rubuta a allo, shi ya kwafa, ya haddace, ya zuba a takardar jarabawa. Da ya shigo jami'a sai ya tarar da zauren lacca cike maƙil, malami na zuba bayani ba ya jiran kowa, a ƙarshe a miƙa masa jerin littattafai a ce ya je ya bincika. Ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake tsamo gundarin magana daga laccar awa biyu, ko yadda ake raba mako tsakanin kwasa-kwasai masu yawa. Ku leƙa laburare ana saura mako guda jarabawa. Za ku gan shi ya sunkuya, alƙalamin shafa launi a hannu, ya mayar da shafi guda ruwan ɗorawa, ya maimaita karantawa har ido ya yi ja, ya tashi yana jin ya gane. Ranar jarabawa komai ya gudu. Mu kuma sai mu yanke masa hukuncin lalaci ko rashin ƙwaƙwalwa, alhali sau da yawa ya fi kowa wahala, hanyar ce kawai ba a nuna masa ba.

Kuma hanyar sananniya ce. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi saurin cinye abin da aka koya a sa'o'i da kwanakin farko. A 2006 masu bincike Roediger da Karpicke sun gwada ɗalibai a Amurka: waɗanda suka yi ta maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada kansu ne suka yi zarra. A nan yaudarar take, Ranka ya daɗe. Maimaita karatu yana sa ɗalibi jin daɗi a daren nan, shi ya sa ba zai bar shi don kansa ba sai an zaunar da shi an nuna masa bambancin. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu goma, suka ga gwada kai da rarraba bita a kan kwanaki su ne kan gaba, shafa launi da maimaita karatu kuwa suna cikin na ƙasa. Waɗannan na ƙasan kuwa su ne abin da yaranmu suka fi dogaro da shi.

Na san za a ce ai akwai makon wayar da kai. Wannan mako na nuna wa ɗalibi inda ofisoshi suke ne, kuma yana zuwa lokacin da bai ɗanɗana lacca ko ɗaya ba. Jami'ar South Carolina ta fara kwas ɗinta na University 101 tun 1972, ana tafiya da sabon ɗalibi tsawon zango, kuma jami'o'i da dama sun kwaikwaya.

Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin da Deanna Martin ta ɓullo da shi a Jami'ar Missouri da ke Kansas City a 1973. Maimakon a ware ɗalibai a ce su ne raunana, sai aka nemo kwasa-kwasan da aka fi faɗuwa, aka ɗauko ɗaliban da suka ci su da kyau a baya, suna sake zama a lacca, sannan su jagoranci zaman bita da kowa ke iya halarta. Hikimar a bayyane take. Matashi zai gwammace ya faɗi da a nuna shi da yatsa a ce ga mai zuwa ajin marasa ƙoƙari, amma idan kwas ɗin ne aka ce yana da wuya, har mai hazaƙa zai zo ba tare da kunya ba.

Sai dai don Allah kada a mayar da wannan kwas na dabarun karatu wata laccar ta ɗaruruwan mutane. A yi shi a ƙananan rukuni, da littattafan da ɗalibin ke fama da su a sashensa, a hannun malaman da ke son aikin, a kuma lissafa musu shi cikin nauyin koyarwarsu. Ɗaliban da ke jagorantar bita a ba su ɗan alawus. A yi gwaji a makonnin farko, duk wanda aka ga yana tangal-tangal mashawarcinsa ya kira shi tun kafin jarabawar ƙarshe.

Ina roƙon ku gabatar da wannan magana gaban majalisar jami'a kafin a ɗauki sababbin ɗalibai, ku kuma umarci kowace tsangaya ta fito da jerin kwasa-kwasan aji ɗaya da aka fi faɗuwa, domin daga nan za a fara.

Naku cikin girmamawa,
Malami mai koyar da 'yan aji ɗaya