Ɗan doktora mai koyarwa: malami ne ko ɗalibi?

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Faransa? Mu nan Damagaram sai godiyar Allah.

Ka tambaye ni zancen ƙanenka da aka ba TD, wato darasin atisaye da ake yi wa ɗalibai rukuni-rukuni, alhali yana shekarar farko ta doktora: malami ne ko ɗalibi? A takarda ɗalibi ne, a cikin aji kuwa aikin malami yake yi, kuma yawancin wahalar ƴan doktora daga nan take tasowa.

Kowace shekara sai ya sabunta rajista ya karɓi katin ɗalibi, don a tsarin LMD (lisansi, masta, doktora) da jami'o'inmu ke bi, doktora karatu ce ta shekara 3, bayan lisansi 3 da masta 2. Takardunsa ba sa zuwa CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a Wagadugu, don ƙarin girma. Wannan sai wanda ya kare tez, wato kundin binciken doktora, aka ɗauke shi aiki. Ranar yajin aiki abin ya fi fitowa fili: ƙungiyar SNECS ta malamai ce, ƙungiyar USN ta ɗalibai, shi kuwa ko wacce ta kira sai ya rasa inda zai tsaya.

To, dubi aikin. Farfesa ya yi darasi a amfi, wato babban ɗakin karatu, ya tafi, ɗan doktora ne zai zauna da rukuni-rukuni yana warware musu atisaye, ya tsare jarrabawa, ya ɗauki kopi, wato takardun amsar ɗalibai, zuwa gida. Awa ɗaya ta TD takan ci awa biyu ko uku ta shiri, musamman a shekarar farko. Kopi 200, in kowacce ta ci minti 10, awa 33 ke nan da ɗoriya, kuma awannin da aka tsaya gaban allo kaɗai aka saba lissafawa wajen biya. Nan tez take mutuwa, ba don rashin ƙwazo ba. Abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa mai ba shi TD shi ne mai duba tez ɗinsa, kuma ka san ɗalibi a wurinmu ba ya iya ce wa malaminsa a'a.

Can inda kake an yi wa abin iyaka. Tun 2009 akwai kwantiragin doktora, kuma koyarwa ba ta wuce awa 64 ta TD a shekara, wato kashi ɗaya cikin uku na awa 192 da ke kan cikakken malami. A Amurka hukumar ƙwadago ta ce ƴan doktora masu koyarwa ɗalibai ne a 2004, sannan a 2016, a shari'ar jami'ar Columbia, ta ce ma'aikata ne masu ikon kafa ƙungiya.

Ka faɗa masa kada ya shiga aji sai shugaban sashe ya ba shi takarda mai adadin awanni da sunan darasin. Bayan kowane zama ya cika littafin aji ya sa hannu, ya ajiye hoton shafin a wayarsa, domin kuɗin awa kan yi jinkiri, kuma awar da ba a rubuta ba ba mai biya. Kafin ya taɓa jan biro ya nemi tsarin rabon maki daga farfesa a rubuce. Ba tare da shi ba, duk ƙorafin ɗalibi kansa zai faɗo. Kopin ɗan unguwarsu ko wanda suka taɓa kwana ɗaki ɗaya, ya miƙa wa wani ya duba. Ya kuma nemi a tara masa TD cikin kwana biyu na mako, sauran na tez. Ƙarshen shekara ya karɓi takardar shaidar koyarwa, za ta yi masa amfani ranar neman aiki.

In ya ga awannin sun fara haura 64, ya zo mu je wurin malamin nasa tare, na fi shi bakin roƙo. Ka gaishe min da uwargida da yara.

Naka,
daga Damagaram