A bar tsofaffin hotunan birane yadda aka ɗauke su

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in koka kan abin da ake yi wa tsofaffin hotunan birane, irin na baƙi da fari. Yanzu yayi ne a ɗauko hoton titi mai shekara ɗari, a sa manhaja ta shafa masa launi, a watsa a Facebook babu sunan titin, babu shekara, babu sunan wanda ya ɗauka. Manhajar nan ba ta taɓa ganin bangon ba, cinta kawai take yi, mai kallo kuwa sai ya ɗauka haka abin yake.

Irin wannan hoto shaida ne, kuma sai da bayani ake gane shi. Dubi wanda Louis Daguerre ya ɗauka ta taga a 1838, na titin Boulevard du Temple a Paris. Titi ne mai hada-hada, amma a hoton fayau yake. Dalili kuwa, a lokacin sai an bar kyamara a buɗe na mintuna, don haka kekunan doki da masu wucewa duk ba su kamu ba. Wanda ya fito shi ne wani mutum da ya tsaya, ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi. Wanda ba a gaya wa haka ba zai rantse garin kufai ne.

A shekarun 1860 hukumar birnin ta sa mai ɗaukar hoto Charles Marville ya bi lungunan da Haussmann, jami'in da ke sake fasalin Paris, zai rushe. A hotunansa kana ganin duwatsun daɓe ɗaya bayan ɗaya, da kwatar da ke ratsa tsakiyar lungu, da tallace-tallacen da aka liƙa a bango. Lungunan sun tafi. To, in aka shafe wannan da launin ƙarya, ina za a sake samo na gaskiya? Haka tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn a New York, da aka fara rushewa a 1963. Rufinta na gilashi da ƙarfe yau sai a hoto.

Roƙona gare ku, Malam Edita: duk lokacin da za ku buga tsohon hoto, ku buga shi yadda yake, ku rubuta titin, da shekarar, da sunan mai ɗaukar a ƙasansa. In kuma an taɓa shi da kwamfuta, ku faɗa wa masu karatu.

Na gode.

Naku,
Mai karatun jaridarku a kullum