Sanarwa kan tace intanet ɗin ofis

Assalamu alaikum abokan aiki. Daga Litinin da safe za mu kunna matatar shafuka a na'urar FortiGate, wadda duk intanet ɗin ofis ke ratsawa ta cikinta. Shafukan caca, na batsa da na masu satar bayanai a rufe suke dindindin. YouTube da TikTok kuwa sai hutun azahar, ƙarfe 1 zuwa 2, don su ke cinye data har taron Zoom ya riƙa yankewa.

Matatar tana toshe shafuka ne rukuni-rukuni, don haka takan haɗa da shafin da bai ji ba bai gani ba. In hakan ta faru, a turo mini hoton allon in buɗe shi. Masu amfani da VPN don kauce wa matatar kuma, kada a wahalar da kai, mun rufe wannan ƙofar.